Yadda Na Ɗumama Akwatin Tsaka

Cikin duk shekarun da na yi a ma'aikatar kiwo a Tawa, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Dokta ya kira ni buronsa, wato ofishinsa, ya ce in je in haɗa wa tsaka ɗumi. Ku da kuka zo daga baya kun sha jin ana ce mini likitan tsaka, kuna dariya ba ku san mafari ba. To ga mafarin, kafin wani ya ba ku shi a karkace.

A lokacin ina ajan teknik, wato ƙaramin ma'aikaci mai aikin hannu, a ƙarƙashin likitan dabbobi da muke kira Dokta. Aikina injin ƙyanƙyasa. Ƙungiyoyin mata na Kalfu da Barmu kan kawo ƙwan zabbi, ni nake jera shi, in juya, in tsare zafi har ya fashe. Ga wanda bai sani ba, injin akwati ne mai waya da ke ba da zafi, da wata ƴar na'ura da muke kira termosta, wadda ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka sa mata, ta mayar idan ya sauka. Dokar aikin guda ce: zafi talatin da bakwai da rabi, kuma ya zama ɗaya a kowace kusurwa. Da wannan doka na yi suna, har ina ganin babu abin da ya shafi ɗumi da zai gagare ni.

Watan Janairu ne, ɗari ya kankama, zabbi sun daina ƙwai, aiki ya yi mana sauƙi. Na shiga buro na gaishe shi, ya ce in rufe ƙofa.

"Alhasan, kana tsoron tsaka?"

"Tsoro a'a, Dokta. Ƙyama dai, awa kowa."

Sai ya ba ni labari. Ƙanensa na zaune a Abijan, matarsa ta rasu, ya kawo ɗiyarsu Ramatu, mai shekara goma sha ɗaya, wurin mahaifiyarsu Hajiya Barira, ya koma bakin nema. Ranar da yarinyar za ta baro can, malamarta ta ba ta kyautar wata tsaka irin wadda ake kiwo, cikin akwatin gilashi. Tun da suka iso Tawa tsakar ba ta ci komai ba, saboda sanyi. Yarinyar ma haka. Tana zaune gaban akwatin daga safe zuwa yamma, ba ta magana da kowa, in an kawo tuwo sai ta taɓa ta ture.

"Ni shanu da raƙuma na sani," in ji Dokta. "In dabbag ga ta mutu, ban san yadda za mu yi da yarinya ba. Kai ka sanin zahi, tahi ka diba mini."

Gaskiya ban so ba. Mu da aka tashe mu da cewa in tsaka ta faɗa abinci sai a zubar, yau ni ne zan je in yi mata hidima. Amma babba ya roƙa, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ɗaure akwatin kayan aiki a bayan moto, wato babur ɗina, na tafi da hantsi.

Hajiya Barira ta karɓe ni da kanta, doguwar tsohuwa mai kaifin magana. Ta kai ni wani ɗaki da aka rufe ƙofa da taga ruf. Ina shiga na ji kaina ya yi nauyi. Akwatin gilashin na bisa teburin ƙarfe, an lulluɓe shi da bargo, a ƙarƙashinsa kuma ga kasko cike da garwashi. Ramatu na zaune a tabarma ta rungume gwiwa, ko kallona ba ta yi ba.

"Hajiya, wa ya sa wutar nan?"

"Ni. Haka nan muka yi ma mai jego, wuta ƙarƙashin gado, a ruhe ƙohwa. Ɗiya tara na haihwa, ba wanda ɗari yat taɓa."

Na lura duk kwanonin ɗakin an kwashe su, kuma tana magana tana kau da kai daga akwatin. Na ce mata ai na ga ba ta son dabbar.

"Ban ƙaunag ganin ta, ɗana. Amma jikata ta ce ɗari ka kashe ta, kuma abin da kak kulle cikin ɗaki, haƙƙinai na wuyanka."

Wannan magana ta sa na sassauta harshe. Na yi mata bayani cewa hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana iya kwantar da yarinyar kafin ma tsakar, gilashi na iya tsagewa, kuma garwashi da farko ya yi ƙuna, in ya mutu sanyi ya dawo ya fi na da. Na fitar da kaskon, na buɗe taga. Ba ta ji daɗi ba, ta ce to mu ga naku na boko.

Da na yaye bargon na ga dabbar sosai. Ba irin tamu ta bango ba ce. Rawaya ce mai ɗige-ɗige baƙaƙe, wutsiyarta kakkaura, tana lumshe ido kamar mage, kuma ba ta hawa gilashi. Tana kwance laƙwas.

A nan ne na yi nawa kuren, kuma ina faɗa muku ne don kada ku ce tsofaffi ba sa kuskure. Na ɗauki akwatin tamkar injin ƙyanƙyasa. Na sa yarinya ta fitar da dabbar, na rataya ampul biyu, wato ƙwan fitila, a murfi, na haɗa termosta, na sa ta talatin da bakwai da rabi. Na auna kusurwa huɗu, duk ɗaya. Raina ya yi fari. Kun san ƙa'idarmu, ba a sa ƙwai a inji sai ya yini ya kwana yana aiki fanko. Ranar nan gaggawa ta sa na taka ƙa'idar, na ce wa yarinya ta mayar da dabbarta, na fita tsakar gida inda Hajiya ta aje mini fura.

Ban kai rabin ƙwarya ba sai na ji an ja hannun rigata. Ramatu ce. Da Faransanci ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, tana kirana Mushe, wato Malam, ta ce, "Mushe, ba ta son shi."

Na ce mata za ta saba. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma saki rigar ba. Dole na tashi. Na tarar da tsakar ta shiga cikin ɗan kwanon ruwa, baki buɗe, idanu a rufe saboda haske. Can ta fito tana kartar gilashi daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana neman inda za ta tsere wa zafi, ni kuwa ban bar mata ko'ina ba. Na zare wuta nan take, yarinyar ta ɗauke ta zuwa cikin kwali. Kunya ta kama ni har wuya. Da na biye wa kaina, abin da garwashin Hajiya bai yi ba cikin kwanaki, da na yi shi kafin azahar.

Na koma waje na zauna, fura ta fita raina. A jikin katanga akwai ƙadangare yana shan hantsi. Ina kallo ya sauka ya shige bayan randa, ya jima, ya sake fitowa rana. Tun ina yaro nake ganin haka, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Ɗan tsako yana son ɗumi ɗaya ko'ina. Su waɗannan jikinsu ba ya yin zafi da kansa, da ƙafa suke daidaita shi, su je wurin ɗumi, su koma wurin sanyi.

Na kira Ramatu na tambaye ta ko malamarta ta faɗa mata wani abu. Ta dube ni, ta shiga ɗaki, ta ciro takarda a ninke daga jakar lakwal, wato makaranta. Komai na ciki da rubutun hannu: gefe guda ƙasan akwati ya kai talatin zuwa talatin da biyu, ɗaya gefen ya tsaya wajen ashirin da huɗu, kada a haska mata fitila mai ƙarfi, a ba ta maɓoya biyu. Takardar nan tana jakarta tun ranar da ta iso. Daga kakarta har Dokta har ni, babu wanda ya tambaye ta.

Da la'asar na dawo da kayan da suka dace. Na cire ampul. Na ɗauki wayar ɗumi ta wani ƙaramin inji mai aiki da batir, na shimfiɗa ta a ƙarƙashin akwatin ta waje, kashi ɗaya cikin uku kawai, yadda dabba ba za ta taɓa ta ba. Na ɗora akwatin a kan guntayen katako huɗu don iska ta ratsa, zafi kada ya taru ya fasa gilashi. A ciki na shimfiɗa karo irin na daɓen ɗaki, na manna bakin termosta a kan karon daidai inda cikin dabbar zai kwanta, domin zafin da za ta ji ake aunawa, ba na iska ba. Na sa talatin da ɗaya. Na ƙara fis mai yanke wuta in ta yi yawa, na haɗa da batir da ɗan pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufi, don in an ɗauke kuran, wato lantarki, kada ɗumi ya yanke. Hajiya ta ba ni tsohuwar tukunya fasasshiya, na gyara gefenta na yi maɓoya biyu, ɗaya wurin ɗumi, ɗaya wurin sanyi.

Wannan karon na bi ƙa'ida. Na ce akwati zai yi aiki fanko har gobe war haka. Na manna termometar biyu masu nuna zafi, na ba Ramatu aiki: safe, rana da yamma ta karanta, ta rubuta, sannan ta faɗa wa Hajiya, tunda ita ce mai gida kuma ita zan tambaya. Hajiya ba ta jin Faransanci, saboda haka dole yarinya ta lalubo Hausar da take ji a bakin ubanta.

Washegari na iso, tun daga zaure Hajiya ta tare ni.

"Talatin da ɗaya, da ishirin da huɗu. Sau ukku tana hwaɗa mini, bai motsa ba."

Na auna da kaina, haka ne. Muka mayar da tsakar. Ta tsaya jim, ta taka a hankali zuwa karon, ta baje cikinta a kai. Bayan wani lokaci ta tashi ta shige tukunyar sanyi. Na ji daɗi, amma ban yi murna da wuri ba, don ba ta ci ba tukuna. Kwana biyu, uku, huɗu, ana sa mata ƙwaro tana kau da kai. Kullum Dokta sai ya leƙo ɗakin injina ya dube ni, in girgiza kai.

Rana ta biyar na je da hantsi. Na tarar da Hajiya a durƙushe bayan randuna, da gwangwanin tumatir a hannu. Gyare take kamawa. Ta miƙe da ƙyar, ta riƙe gwangwanin nesa da jikinta, ta ce in na faɗa wa mutanen unguwa ba ni ba furarta. Ramatu ta karɓa, ta saki gyare ɗaya cikin akwati. Tsakar ta leƙo daga tukunya, ta kafa masa ido, wutsiyarta na rawa. Sai ta cafke shi. Aka saki na biyu, shi ma ta haɗiye.

Yarinyar ta juya, ba wurina ba, wurin tsohuwar da ke tsaye bakin ƙofa.

"Kaka, ta ci." Sannan ta ce, "Ni ma yunwa nika ji."

Hajiya ta dubi jikarta. Ta juya da sauri irin wanda ban zaci ƙafafunta na iyawa ba, ta nufi madafa tana share fuska da gefen mayafi. Ni kuma na duƙa ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Ni da Hajiya kurenmu ɗaya ne, kowa ya kawo ɗumin da ya saba da shi, ita na ɗakin jego, ni na ƙwan zabbi, kuma dukanmu da kyakkyawar niyya. A aikin nan niyya ba ta isa. Duk inda aka aike ku, ko wurin Bafillace mai saniya guda ne, ko wurin tsohuwa mai kaji uku, ku tsaya ku kalli dabbar, ku tambayi mai ita kafin ku buɗe akwatin kayan aiki. Na ƙyanƙyashe zabbin da ban san iyakarsu ba, an yaba mini a gaban manya. Amma in kuka tambaye ni aikin da nake alfahari da shi, shi ne ƴar wayar nan da ba ta kai kamu uku ba, wadda ta sa marainiya ta nemi abinci a gidan kakarta.