Bargon da Aka Saƙa da Tsumman Mutane

Mun tashi da asuba daga masaukinmu na Deira, ni da gwaggona wadda ta kawo ni Dubai in koyi sari. Ranar ta ce ni zan zaɓi kaya. In na yi zaɓen tumun dare, in koma tsaron shago a kasuwar Kwari ta Kano, ba ni ba jirgi.

Shayin karak dirhami ɗaya, kwalekwalen abra zuwa Bur Dubai shi ma ɗaya. Ni ban yarda da abin hawa marar ƙofa ba. Gwaggo kuwa har da gyangyaɗi.

Wani tsohon Ba'indiye ya ja mu sitonsa a bayan kasuwar yadi. Barguna har rufi, araha kamar tsintuwa. Wurin tsit, ga sanyi, ga wari irin na ɗakin da aka kulle bayan rasuwa.

Ba ni da haƙurin dogon ciniki. Na ja zare ɗaya daga wani bargo, yadda muke gwada kaya a Kwari. Ya tsintsinke a hannuna: ja, shuɗi, ruwan toka. Na sake ja, sai ga silin furfura.

"Baba, wannan fa?"

"Shoddy," in ji shi, ko gezau. Ya ce tsohuwar kalma ce ta masaƙan Ingila. Sukan tara tsummokaran ulu, inji ya yayyaga, a sake kaɗawa a saƙa sabon yadi. Da yake ba ya ƙarko, sai Turawa suka laƙaba wa duk wani tarkacen banza sunan.

"Tsumman su wa?"

"Wa ya sani? Masu su ba sa dawowa nema."

A wurinmu in an raba kayan mamaci, kowa ya san rigar wa ya saka, yana yi masa addu'a. Nan kuwa ga mutane a ninke har sama, babu mai suna.

"Khalas," na ce, wato shi ke nan, na fice. Muna tsakiyar ruwa a kwalekwalen komawa, Gwaggo ta ce: "Gobe ma ke za ki zaɓa."

Da muka sauka Kano, ko hijabi ban cire ba na ɗauko bargon da nake rufa tun ina makarantar kwana. Na ja zare. Ja, shuɗi, ruwan toka.

Ban jefar ba. Tafiyar ta nuna min abin da ake kira banza, wani ya taɓa sa shi a jiki. Yanzu duk sanda zan shimfiɗa shi, sai na ce Allah ya jiƙan masu shi.