Ɗan Ƙodagon Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa na girma ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" yake ce mini, ko "wancan". Da na fara koyarwa a Islamiyya a Batsari, sai na koma "malaminku" idan yana magana da ƙannena. Kunyar ɗan fari ce, na sani, amma ina yaro ta sha ƙona mini rai.

Da damina 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonarsa ta wajen Ruma. Kafin su kira waya Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Runka a kan babur. An taɓa ɗauke mijinta, ta san halinsu.

"Kada su ji yana da ɗa mai albashi," in ji ta. "In suka ji, sai sun tatse ku tas, kuma ba lalle su sake shi ba. Kai za ka yi magana da su, amma a matsayin ɗan ƙodagon da ke yi masa noma."

Haka muka shiga ƙera wannan ɗan ƙodago na ƙarya. Gwaggo ta kara ludayi a kunne ta zama ɗan bindiga, ni kuma in amsa. Da na fara jero sallama sai ta maka mini mafici.

"Ɗan nan, wa'azi aka ce ka yi? Wane ɗan ƙodago ne ke da lokacin wannan gaisuwa?"

A labarin da ta tsara wa ɗan ƙodagon, ta kashe masa jaki, ta sa matarsa ta yi yaji, ta ba shi ciwon ƙafa da jin haushin tsohon da ke sa shi aiki a tsakar rana. Suna kawai ta bar mini nawa, wai kada a kira na aro in yi shiru. Abu guda ya gagare ni, wato in ce, "Ba ubana ba ne, in kun ga dama ku riƙe shi." Sai da na sha maimaitawa kafin na iya faɗa.

Mutumin ya zauna mini a jiki. Na riƙa jan ƙafa har a aji, ina yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na tsane shi, wallahi, amma shi kaɗai ke tsakanin Baba da bindiga, don haka kullum ina ƙara masa rashin mutunci.

A haka na riƙa amsa wayar 'yan bindigar, har wata ranar kasuwa da hantsi suka sake kira. Shugabansu ya ce bai yarda da ni ba, muryata ta masu karatu ce. Na ji ya sa an kawo Baba kusa da wayar. Ban san lokacin da na cire takalma na durƙusa a tsakar gida ba.

"Tsoho," in ji shugaban, "wannan ɗanka ne na fari, ko? In ba shi ba ne, kira sunansa mu ji."

Sun fi mu sanin wannan kunya, da ita aka raine su. Na ji Baba yana tari, tari mai nauyi wanda bai bar gida da shi ba. Sai ya kira sunana, cikakke, a fili, ya sake maimaitawa. Ya ɗora da faɗa: "Ka gama mini noman gonar nan kuwa, ko kana can kana yawon banza?"

Gwaggo ta danne kafaɗata. Na buɗe baki na ce, "Ni dai ba ubana ba ne. In kun ga dama ku riƙe shi."

Suka yarda. Suka sauko daga kuɗin fansar da suka nema, muka sayar da shanun noma da geron da ke rumbu. Ba mu kai ga kai kuɗin ba tarin ya ƙarasa shi a daji. Wani mutumin Zakka da suka sako ne ya zo ya gaya mana, ya ce su da aka tsare tare da shi ne suka yi masa sallah. Muka yi zaman makoki babu kabarin da za mu nuna.

Masu ta'aziyya suna ta cewa na yi ƙoƙari. Ina amsawa da "amin" kawai. Sau ɗaya a duniya Baba ya kira sunana, ina durƙushe ba takalmi, kuma amsar da ya ji daga bakina ke nan.