Dunƙulen da Ke Hoton Baba

A shekarar da ma'aikatarmu ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, aka ba ni ɗaki biyu a Kubwa. Ban gama kwance kaya ba Baba ya iso daga ƙauye da wani tari da ya ƙi jin magani. Mutum ne mai taurin kai, ni ma a wurinsa na gada, don haka sai da muka kwana uku muna ja-in-ja kafin ya yarda mu je asibiti.

Wata ma'aikaciya ce ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ina zaune a waje kan benci. Likita ya ɗaga hoton ya haska shi a taga. Ya nuna mini wani farin dunƙule a gefen hagu. Ɗan kudu ne, Hausarsa ta kasuwa.

"Madam, wannan abu ban so shi ba. Zai iya zama ciwon daji."

Ya ce akwai babbar na'ura mai leƙa cikin mutum dalla-dalla, amma tana Legas. Takaici ya kama ni. An kwaso mu, an kwaso teburanmu da fayil-fayil, an bar na'urar a can! Da ya faɗi kuɗin, na san sai an sayar da gonar Baba. Ga doguwar hanya, ga tsoho mai tari. Na tambaye shi ko me zai canza idan an je an tabbatar. Bai ɓoye mini ba: a shekarun Baba, ƙila ba wani abu mai yawa ba. In kuma aka ga ba shi ba ne, hankali zai kwanta.

Baba ya ce, "Ba za a sayar da gona don a leƙa cikina ba."

Mako guda na yi ina aunawa. Da safe a bas in ce za mu je, da yamma in ce ba za mu je ba. Tsoro nake ji ƙwarai, shi kuwa yana ta fita yawonsa kamar ba shi ake magana ba.

Da muka koma, likita ya ce kafin a yi zancen Legas a sake ƙaramin hoton, ta gaba da ta gefe, tunda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na yi tsaki a raina, na ɗauka jan lokaci ne. Wannan karon wani dattijo Bazazzagi ne mai ɗaukar hoton. Ina jiyo shi ta ƙofa yana cewa, "Baba, a tuɓe duka, har 'yar sharar."

Can sai na ji dariya. Dattijon ya fito riƙe da 'yar sharar Baba, ya juya cikinta. An ɗinka mata aljihu daidai ƙirji, a ciki kuwa ga wani ƙaton farin goro.

Ashe ran farko da aka ce ya cire riga, babbar kawai ya cire, don ba zai tsaya tsirara gaban ma'aikaciyar da take sa'ar 'yar cikinsa ba. Ita kuma ta ji nauyin matsa wa tsoho. Goron ma ni ake ɓoye wa, don na hana shi ci saboda hawan jini.

Sabon hoton ya fito tas. Sanyin ƙirji ne, ƙwayoyin mako biyu suka ishe shi. Na zauna a ƙasa ina hamdala, ina dariya, hawaye na zuba.

Muka hau bas muka koma Kubwa. Sai da muka shiga gida Baba ya jawo jakarsa, ya zaro farin yadi sabo fil a ninke, ya ɗora mini a cinya.

"Shekaranjiya na sayo, don kada ki sha wahalar neman likkafani a garin da ba ki san kowa ba," ya ce. "Ki ba tela ya yi mini riga."