Uwar Sifana da Jar Tarakta

Sunan da iyayenta suka sa mata ya daɗe da ɓacewa. Duk layin Uwar Sifana ake ce mata, har jikokinta, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Ta samo sunan ne tun tana sabuwar aure. Mijinta direban tarakta ne, dogon mutum mai tsadar magana, kowa na ce masa Direba, ita kuwa Malam take ce masa. Sati biyu da zuwanta gidan, ya shiga ƙarƙashin taraktar ya miƙo hannu waje. Ta tsaya tana kallon hannun. Ya ce, "Sha uku." Ta ɗauko sifana mai lamba sha bakwai. Ya dawo mata da ita, ba faɗa ba dariya. Kafin damina ta fita ta san kowace sifana da ido. Kafin shekara ta zagayo ya daina faɗar lamba, hannun kawai yake miƙowa, ita ta san notin da ya kai.

Shekara arba'in da bakwai suka yi a haka. Taraktar ja ce, tsohuwar yayi, ba rumfa a kanta, sai kujerar ƙarfe da Uwar Sifana ta gaji da ɗinka wa matashi. Ta nome gonakin mutane, ta ja tirelar yashi da ta taki, da ita aka ciyar da 'ya'ya biyar har kowa ya kama gabansa. Direba ba mai cika baki ba ne, amma yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita. In baƙo ya yaba ƙarar injin, sai ya dafa bodin ya ce, "Injinta na asali ne. Tun daga kamfani ba wanda ya taɓa sauke shi." Duk sanda ya faɗi haka, Uwar Sifana sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Wata takwas da suka wuce famfon ruwan taraktar ya lalace, wanda ke zagaya da ruwa cikin inji don kada ya yi zafi. Direba ya kwance shi ya ajiye a kan benci da niyyar nemo wani. Kwana uku bayan haka ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Da aka sallamo shi daga asibiti aka sa masa kujera a bakin taga, tagar kuwa tana kallon rumfar da ake ajiye taraktar. Nan yake wuni. Abincin da yake ci ya yi ta raguwa, daga kwano zuwa rabi, daga rabi zuwa cokali huɗu.

Babban ɗansu, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, iyayen kuma suka gajarce zuwa Babba, ma'aikacin ofis ne, furfura ta fara fito masa. Ba mugun ɗa ba ne. Ya ɗauki hoton lambar da ke manne a bodin taraktar da wayarsa, ya je yadin tsofaffin injinan noma har sau biyu, ya dawo da famfo biyu, ba wanda ya zauna. Ramukan noti ba su haɗu ba. Ran Laraba da yamma ya sami uwarsa a kicin.

"Inna, kallonta ne ke ƙara masa ciwo. Na yi magana da masu sayen ƙarfe, ran Asabar za su zo da mota su ɗauke ta."

"Ba kallonta ba ne. Shirunta ne."

"To ai na je sau biyu."

"Ka je da waya. Gobe ka zo ka kai ni."

"Ke? Da wannan gwiwar taki?"

"Da gwiwa ake kwance noti?"

Ba ta faɗa masa abin da take tsoro ba, don ba ta saba faɗar irinsa ba. Ta san in motar masu ƙarfe ta fita da taraktar nan, mutumin da ke bakin taga ba zai daɗe a bayanta ba.

Da safe ta naɗe mataccen famfon a tsohon buhu, ta haɗa da sha uku da sha bakwai da ƙaramar guduma, da kwalbar baƙin mai da ta sirka da kalanzir. Ta tsaya gaban mijinta ta ce, "Malam, zan je nemo mata famfo. In ta kama in yi magana, zan yi." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rufe ido. Ta fassara shi yadda ya yi mata daɗi ta fita.

Yadin yana bayan gari, an zagaye shi da tsohon kwano. Makabartar tarakta mutane ke ce masa, kuma bai ci sunan a banza ba. Taraktoci ne jere ba tayoyi, an ɗora su a kan bulo, ciyawa ta tsiro ta cikin sitiyari. Ga garemani jibge kamar itacen girki, ga injin casa ya wangale baki ƙadangaru na shiga suna fita. Ko'ina warin tsohon mai da tsatsa. Mai yadin gajeren tsoho ne, yatsu biyu babu a hannunsa na hagu, ya ɗaure tabarau da wayar wuta. Da ya hango Babba ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, an dawo? Yau har da rakiya." Ya dubi yadda take jan ƙafa. "Mama, nan ba asibiti ba ne fa, makabarta ce."

"Na sani. Na zo in duba ko kun binne wani da sauran numfashi."

Ya yi dariya ya wuce gaba, ya kai su layin jajaye. Guda bakwai ne, duk ƙirar tasu. Aka kwance buhu, aka dinga kara tsohon famfon a gaban kowace ɗaya. Uwar Sifana ta bi su a baya. A ranta tana fatan ko ɗaya za ta dace bisa kuskure, ta koma gida da bakinta a rufe. Rana ta ɗaga, rigar Babba ta jiƙe a baya. A ta bakwai mai yadin ya tsaya yana juya famfon a hannu.

"Da wannan ka kawo mini tun farko maimakon hoto, da ban wahalar da kai ba. Shekara talatin ina farke jajayen nan, noti huɗu ne a famfonsu. Wannan biyar gare shi."

Babba ya miƙa masa wayar. "Ga lamba nan. Kuma Baba ya sha faɗa, injin na asali ne."

"To sai dai in kamfanin ku kaɗai ya yi wa na musamman."

Babba ya dubi agogo, ya sassauta murya. "Inna, mu tafi. Mun yi iya yinmu."

Ta nemi wata tsohuwar taya ta zauna. Ta karɓi famfon ta ɗora a cinya, ta sa gefen sifana ta fara kankarar fentin. Jan ya ɓare, wani jan ya fito a ƙarƙashinsa, shi ma ya ɓare. Sai ga shuɗi. Mai yadin ya gyara tabarau ya ce, "Af."

Ba ta ɗaga kai ba ta fara magana. "Ranar da za a haife ka, naƙuda ta zo mini da gardama, ba mota a kusa. Ubanka ya shimfiɗa mini katifa a tirela ya ja. Lagireto na yoyo tun safe, ya sani. A rabin hanya tururi ya fara tashi. Duk direban da ya san aikinsa tsayawa zai yi inji ya huce. Bai tsaya ba. Taraktar ta kai mu ƙofar asibiti, ta yi wata ƙara, ba ta sake motsi ba. Kana da wata biyu ya samo injin wata shuɗiya da ta kife a rami. Shi da wani abokinsa suka ɗora, ni ina miƙa sifana, kana goye a bayana. Jan fentin ma ni na shafa."

"Me ya sa ya ɓoye?"

"Direban da ya ƙona inji, wa zai ba shi gonarsa? Daga baya kuma ƙaryar ta tsufa a gidan, ta zama 'yar uwa."

Babba ya tsaya riƙe da wayar kamar bai san inda zai sa ta ba. "Kenan ni ne na..."

"Kai ka kashe na farkon. Shi ya sa na ga bai dace na biyun ma ya zama kai ba. Kama ni in tashi."

Shuɗayen suna can ƙarshen yadi, jikin katanga, guda biyu kacal. An riga an yashe gaban ɗaya. Ɗayar kuwa wata bishiya ta tsiro ta inda tayarta ta baya take a da, amma famfonta na nan, noti biyar, tsatsa ta cinye kawunansu. Babba ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya ɗora sha uku zai danna da ƙarfinsa. Ta buge masa hannu.

"Za ka karya shi a ciki mu koma hannu biyu. Matsa."

Ta ɗiɗɗiga mai a kan kowane noti, ta bi su da guduma a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya, sannan ta koma inuwa. Mai yadin ya kawo mata benci da ruwa. Sai da man ya shige ta ce wa ɗanta, "Yanzu ɗora. Ka ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, kaɗan, sannan ka dawo da shi."

"In ɗaure abin da nake so in kwance?"

"Haka ubanka ke yi. Tsatsa ba ta son a zo mata kai tsaye."

Ya yi yadda ta ce. Notin ya yi ɗan ƙas, ya juya. Huɗu suka fito a haka. Na biyar ya ci musu awa guda da fatar yatsan Babba, bai yi ƙorafi ba. Da famfon ya rabu da injin, mai yadin ya kara shi a kunne ya juya bakinsa da yatsa, ya saurara.

"Lafiyarsa ƙalau. Mama, da ina neman ma'aikaci da ke zan ɗauka."

"Ba za ka iya da bakina ba."

Ran Juma'a da hantsi suka ɗauko Direba da kujerarsa suka ajiye a bakin rumfa. Uwar Sifana ta ɗora kwali a fuskar famfon, ta bi gefensa da guduma har ya yanku daidai da siffarsa, don a sa tsakaninsa da inji kada ruwa ya tsiyaye. Babba ya durƙusa gaban taraktar da tsohuwar rigar ubansa. Can aiki ya yi nisa, ya miƙo hannu baya bai ce komai ba. Ta dubi hannun, ta sa masa sha bakwai. Shi bai ma lura ba.

Aka cika lagireto da ruwa, aka zuba mai, aka ciro batirin motar Babba aka haɗa. Ya hau kujerar ƙarfen ya murɗa. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake tari. A na uku ta kama, baƙin hayaƙi ya cika rumfar, kaji suka watse, kwanon rufin ya ɗauki rawa.

Uwar Sifana ba ta kalli taraktar ba, mijinta take kallo. Ya karkatar da kai, ya ba injin kunnensa na hagu mai lafiya. Sai ya haɗe gira. Ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya buga ƙasa sau biyu, ya nuna gaban injin. Ta saurara, ta ji wani siririn fito a ƙarƙashin ƙarar.

"Fanbel ya yi sako-sako," ta ce wa Babba. "Kashe ta." Ta juyo ga mijin. "Shekara arba'in da bakwai ban taɓa jin sannu ba. Yau ma gyara ne."

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ta matso ta gyara masa hula, ta rage murya. "Na faɗa masa, Malam. Har mai yadin ya ji. Ba yadda zan yi."

Ya daɗe yana kallon ɗan nasa da ke saukowa daga kujerar, baƙin mai har goshi, yatsa ɗaure da tsumma. Sannan ya jingine sandar, ya miƙo mata hannun hagu a buɗe. Ta sa masa sha uku. Sifanar ta kusa faɗuwa, amma ya riƙe, ya miƙa wa Babba.

Da ya gama ɗaure fanbel ɗin, Babba ya goge hannu a wando ya koma gefe ya kira masu sayen ƙarfe. Ta ji yana cewa kada su wahalar da motarsu.

Maganar Direba ba ta dawo ba, likita ma bai ce za ta dawo ba. Amma ranar ya cinye kwanonsa, ya buga sanda aka ƙara masa. Yanzu kullum da safe Uwar Sifana kan ja gwiwarta ta hau kujerar ƙarfen, ta tayar da taraktar ta bar ta tana ruri na minti goma, ba inda za ta je. Maƙwabciyarta ta yi ƙorafin hayaƙi yana shigar mata ɗaki. Ta ce mata ta rufe tagarta, tasu dai a buɗe za ta zauna.