Soson Ƙarfen Inna Furera

Kun taɓa ganin allurar da ake cire jijiyar haƙori da ita? Wallahi 'yar siririya ce kamar gashi, jikinta a murɗe, ita likita ke zurawa cikin haƙori tana goge ruɓar. To irin wannan ce ta so ta raba Inna Furera da aikinta.

Inna Furera a Ƙofar Kwaya take, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. In dai ana biki a unguwar ita ake kira wanke-wanke, don tukunyar da ta wanke sai ka ga fuskarka a ciki. Ƙugunta ne ya fara ciwo saboda duƙawa, har ta kai wata rana da rarrafe ta shiga ɗaki. Sai maƙwabciyarta Sadiya ta samo mata aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori wajen GRA, wurin Dakta Ruth. A tsaye ake yi, ta wanke kayan aiki ta zuba a tukunyar turarawa, shi ke nan. Kullum addu'arta kar Allah ya maida ta gaban tukwane, ƙugun ba zai ɗauka ba.

Ranar da ta fara a gurguje aka nuna mata, marasa lafiya sun cika benci. Ta duba alluran nan ta ga sun yi dushi-dushi, ranta ya ƙi, ita da ake yabo! Washegari ta zo da soson ƙarfe daga gida a leda, ta riƙa dirza su har suna ƙyalli. Baiwar Allah ba ta san soson kankare su yake ba, yana bar musu zane-zanen da ido ba ya gani, kuma daga nan suke tsinkewa.

Ana nan wani tela Mudassir ya zo, Dakta tana cikin yi masa aiki sai ta tsaya cak. Allurar ta karye can ƙasan haƙorin! Ta yi ta yi guntun ya ƙi fita, ƙarshe haƙorin aka cire gaba ɗaya. Ta kwaso sauran alluran ta duba da gilashin ƙara girma, duk a kankare, ga su sababbi.

"Inna, da mi kike wanke su?"

Inna Furera har da murmushi ta ciro soson. "Ga shi likita, ai burushin nan naku ba ya fid da komi."

Dakta ta dafe kai. Nan take Inna ta gane. Ta ɗauki jakarta ta fita tana hawaye, ta ce shi ke nan an kore ni. Ba ta ma nufi gida ba, shagon Mudassir ta yi ta tambaya a Ƙofar 'Yandaka har ta samu, ta tarar da shi kunci a kumbure.

"Ɗana ka yafe mani, ni na jawo maka."

Da ya gama jin bayani ya ce, "Haba Inna, kayan likitan kika maida tukunyar biki?" Ya so ya yi dariya zafi ya hana shi. "Tashi don Allah, na yafe. Haƙorin turmi ne, can ciki yake, budurwata ba za ta gani ba."

Da safe tana zaune tsakar gida ba ta ko shirya ba sai ga wayar Dakta.

"Inna kina ina? Kaya sun taru. Ni ce ban zauna na koya maki ba, taho."

Da Inna ta iso Dakta ta zubar da alluran duka, ta zaunar da ita ta ɗora mata gilashin a ido ta ce duba. Yanzu da burushi mai laushi Inna ke wankewa, wadda ta ga ta lanƙwashe ko murɗinta ya ware sai ta ware ta gefe ta nuna wa Dakta. Tana nan a wurin har yau.

Don Allah jama'a ku tura wa duk wanda kuka san yana wanke kaya a asibiti, ku tura har masu asibitin ma.