Ɗingishin Baba a Wayar Kowa

Ranar wata Litinin, makon da muka koma makaranta bayan hutun babbar sallah, ina aji huɗu a firamare, na fasa wa wani ɗan ajinmu, Lawali, baki. An fita tara, ni da ƙawayena muna zaune ƙarƙashin bishiyar bedi muna 'yar carafke, sai na ji dariya ta ɓarke a bayana. Ina waiwayawa na ga Lawali ya saɓa jakarsa kamar buhu, yana jefa ƙafar hagu gefe, yana sauke kafaɗa, yara sun kewaye shi suna tafi. Ba sai an gaya mini wanda yake kwaikwayo ba. Duwatsun carafken suna hannuna, ban san sanda na dunƙule su na kai masa naushi ba. Malaminmu ya zuba mini bulala shida a tafin hannu, ko ƙwalla ban yi ba, domin a ganina ni na ci riba.

Babana ɗan dako ne a Magama, bakin iyaka, inda manyan motoci ke jera layi da buhunan gero da wake suna jiran 'yan kwastan su sallame su. Daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi ya zo Jibiya yana saurayi, ya auri Inna, ya zauna. Tun kafin a haife ni buhu ya suɓuce daga saman mota ya same shi a ƙugu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar hagu ta warke a gajarce. Bai fasa dako ba, kuma ban taɓa jin ya koka da ciwo ba. Abu ɗaya ne kawai ba ya so a duniya, a bi shi a baya. Idan za a je bikin suna a garin Kusa, Inna da sauran yara ne a gaba, shi yana can ƙarshe. A masallaci ma sai ya yi ta jan carbi har mutane su watse sannan ya miƙe. Ni kaɗai ya yarda in taka bayansa, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ma bai taɓa kirana da sunana ba sai Uwata. "Ke uwata ce," in ji shi, "mi za ni ɓoye maki?" Ba ni da abin da nake taƙama da shi a gidanmu kamar wannan, har gori nake yi wa yayyena da shi.

Don haka na tashi ina kallon bayan Baba. Da damina, in na gama shara na ɗebo ruwa na cika randa, sai in ɗauki ƙwaryar fura in bi shi gonar da yake aro a hanyar Bugaje. Shi da fartanya a kafaɗa, ni da gammo a ka. A kan yashin hanya sawunsa biyu ba su kama da juna, na dama ya nutse sosai, na hagu kuwa ɗan zane ne a karkace. Ina tafe ina ƙirgawa a zuci: ya taka, ya jefa, kafaɗa ta sauka, ya ɗan yi sauri kamar mai son cim ma wani. Ban ɗauki abin a matsayin nakasa ba. A wajena haka uba yake tafiya, sauran iyaye maza ne ma nake ganin tafiyarsu ba ta da gishiri.

Zane kuwa tun ina ƙarama ya zame mini jaraba. Na yi a ƙasa da kara, na yi a bangon ɗakin girki da gawayi har Inna ta gaji da faɗa ta koma rankwashi. Idan aka sa ni surfe sai a tarar da ni ina zana akuya a jikin turmi, kaji suna biki a kan hatsin. Wata rana ina wasa da kusurwar littafin lissafina, inda na zana mota a shafi da shafi don maganin barci a aji, na saki takardun da babban yatsa sai na ga motar ta motsa. Na kusa yin ihu. Da yamma na nuna wa Baba, ya sa na maimaita har sau biyar, yana leƙa bayan littafin ko akwai wata dabara. Daga ranar ya shiga tsinto mini tsofaffin littattafan rasit da direbobi ke yarwa, ya kaɗe musu ƙura ya zuba a aljihu. A ɗaya daga cikinsu na zana tafiyarsa, shafi takwas, na yi ta gyarawa har ta fito daidai. Wannan ban nuna wa kowa ba, a ƙasan kwallar Inna na ɓoye shi har gara ta cinye.

Babu makarantar da ta koya mini wannan sana'a. Da na gama sakandare na tafi Katsina karatun koyarwa, amma rabin hankalina yana kan waya, ina kallon yadda masu zanen katun ke aiki, in tsayar, in koma baya, in gwada. Daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗan kasuwar Maraɗi, komai na cikinta da Faransanci, na koye ta da lalube. Na fara da zana katin biki da kalandar amare da allon shaguna, sannan na buɗe shafina a intanet ina saka gajerun katun na minti ɗaya, ni ce mai zane, ni ce mai labari, ni ce mai maƙe murya in yi maganar tsoho. Ba kamfani, ba maigida. Sai dai mutanen da nake zanawa ba su iya tafiya ba. Duk wanda ya san aikin nan ya san tafiya ta fi komai wuya, nawa kuwa sulalewa suke kamar ana jan su da igiya, masu kallo suna yi mini tsiya a ƙasan bidiyon.

Ana nan na ƙirƙiro wani tsoho mai cika baki na sa masa suna Ƙwambo, wanda kullum yake ba da labarin ya kashe kura, amma bunsuru na yin atishawa zai ranta a na kare. Na yi kwana uku ina fama da tafiyarsa ta ƙi. Da na gaji na saki hannuna, sai hannun ya zana abin da ya sani tun yana ƙarami. Nan take Ƙwambo ya zama mutum. Na gane tafiyar, ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Amma na ƙara masa tumbi, na canza fuska, na ce wa kaina wa zai lura. Na saka shi, kafin mako ya zagayo ya shiga ko'ina. Karo na farko mutane suka yabi aikina, na yi ta murna kamar wawiya.

Jibiya kuwa ta lura tun daga kallon farko. Da na zo hutu, ƙanena Sabi'u da ke acaba a bakin iyaka ya ɗauko ni daga tasha, sai da muka kusa gida ya tsayar da babur ya gaya mini. 'Yan acaba da 'yan bumburutu da yaran mota, har direbobin da ke zuwa daga Maraɗi, kowa yana da bidiyon a wayarsa. Baba, wanda a lokacin ƙarfinsa ya ragu ya koma ɗinkin buhu, in ya ratsa sai a ji wani ya ce ga Ƙwambo nan, wani ya yi kukan bunsuru. Yanzu ta bayan gari yake bi, ranar kasuwa ma ba ya fita. Abin da na fasa wa Lawali baki a kansa, ni na yi shi a gaban duniya.

Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure ya ce in nuna masa. Na miƙa masa wayar. Ya kalla har ƙarshe, bai yi dariya ba, bai ɓata rai ba.

"Ashe haka nike tahiya?" ya ce.

Na durƙusa ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai sana'ata ce, Allah ya yi mata albarka. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu da na fi samun sauƙi. Washegari na ɗauki fura na bi shi gona kamar da. Muna fita ƙofar gida ya ja ya tsaya a gefen hanya, idonsa a ƙasa.

"Wuce gaba, Uwata."

Na wuce. Har muka kai gona ina jin takunsa a bayana, ban iya waiwayawa ba.

Na cire bidiyon daga shafina a ranar, na goge Ƙwambo daga kwamfutata, amma abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Shekara biyu Baba ya ƙara a duniya. Yana yi mini fara'a, yana sa mini albarka, yana ajiye mini gyaɗar gonarsa, amma bai sake barina a bayansa ba ko sau ɗaya. Kullum ina cewa zan sake zaunar da shi mu yi magana, kunya tana hana ni, har zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi ina Katsina.

Bayan Inna ta fita takaba, wata safiya muna tsince wake a tsakar gida, ta tambaye ni ko ina da abin nan da na zana. Na ce na goge. Ta ce hotonsa ɗaya ne a gidan, na katin zaɓe, shi ma a tsaye yake ƙiƙam kamar ba shi ba, ita so take ta gan shi yana tafiya. Sabi'u ne ya samo mana a wayar wani yaron mota. Inna ta ce in kashe muryar. Ta rufe fuskar Ƙwambo da tumbinsa da yatsunta, ta bar kafaɗa da ƙafafu kawai, ta yi ta kallo yana zuwa yana komawa, hawaye na ɗiga a kan faifan waken.

"Shi ne," ta ce. "Sake sa mani."

Yau ina da masu kallo fiye da yadda na taɓa mafarki, ina zana kowace irin tafiya ba tare da wahala ba, matasa har tambayata suke in koya musu. Abin da na fara gaya musu shi ne su nemi izinin mutum kafin su ari wani abu daga jikinsa. Duk zuwan da na yi Jibiya sai Inna ta miƙo mini wayarta in kunna mata, ni kuma in fita tsakar gida har ta gama. Ita tana ganin mijinta a ciki. Ni har yau ban iya kallo ba.