Ciwon Cikin Ƙanwata

Mahaifinmu ya rasu a wani kamfanin fata da ke Challawa ina aji biyar na sakandare. Ya shiga wanke ramin da ake tara ruwan sinadari, iskar ramin ta buge shi. Da azahar aka kawo shi gidanmu na Panshekara, bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Ƙanwata tana da shekara shida a lokacin. Ba ta yi kuka ba, masu zuwa gaisuwa suka yi ta yabonta: "Kai, yarinyar nan akwai dangana." Bayan addu'ar bakwai ta daina cin abinci. In an tambaye ta sai ta dafa ciki ta ce, "Nan ne."

Umma ta sayo maganin tsutsa a kemis. Aka jiƙa kanwa, aka karɓo rubutu. A asibiti suka ce ba su ga komai ba. Tana ta ramewa, har rigar makarantarta ta fara zamowa daga kafaɗa.

Ni ba mai yawan magana ba ce, sai dai ina lura. Na riƙa rubuta lokutan da take dafa cikin a bayan littafina. Kullum da yamma ne, daidai lokacin da motar kamfani ke sauke ma'aikata a bakin titi.

Wata Asabar na zaunar da ita a soro. Na riga na jera kalmomi a takarda.

"Baƙin ciki ne kike ji?"

"Cikina ba baƙi ba ne, Yaya. Ke kin leƙa?"

"To kewa? Kina son ganin Baba?"

Ta girgiza kai. Tsoro ma ta ce a'a. Saura kalma ɗaya, wadda na sa a ƙarshe don kawai in cike layi.

"Haushi fa? Irin na ranar da aka karya miki fensir da gangan."

Ta gyaɗa kai.

"Shi ne. Baba ya ce in ajiye masa tuwo zai dawo. Na ajiye. Ƙarya ya yi min."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Ashe Umma tana bakin ƙofa. "Subhanallahi! Haushin mamaci? Ke da karatun naki, abin da za ki sa wa yarinya a baki ke nan?" Ta sa ƙanwata ta yi istigfari sau uku, ta karɓe takardar ta tura a murhu. Idanun Umma sun yi jajur, ita ma tun rasuwar ban ga hawayenta ba.

Da yammar nan ƙanwata ta ci loma huɗu. Tana wanke hannu ta raɗa min, "Yaya, in haushin ya sake zuwa me zan ce?"

Na ce ta zo ta faɗa min a kunne, kada Umma ta ji. Haka muka yi kusan shekara.